Awon Dida Pashko

Akwai alli a bakin aljihun gwaggona, Teta Yerka. Na gan shi da safe, lokacin da ta sunkuya tana zuba wa kyanwa kawunan kifi: ɗan fari-fari a aljihun hagu na rigar aikinta. Na yi mamaki. A gidanmu mutum ɗaya ke taɓa alli, kakana Dida Pashko. Shi ke awo, shi ke zane, shi ke yanka. Teta Yerka, 'yarsa ta fari, ɗinki ne nata, shekara talatin da ɗaya ke nan tana kan keke da allura. Ni kuwa tunda na dawo daga jami'a a Zadar, da takardar da har yau ba ta samo mini aiki ba, nawa shi ne riƙe bakin igiya da ɗauko duwatsun danne yadi.

A Betina, garinmu na kan tsibiri, mu ke ɗinka idro, ƙaton ƙyallen nan mai kusurwa uku da iska ke cikawa ta tura jirgin ruwa. Masu sassaƙa jirgin katako suna da yawa a garin, amma duk jirgin da ya tashi sa riga, ƙofarmu ake bugawa.

"Furofesa, an tashi?" in ji Dida, yana goga almakashinsa da tsumman mai. "Yau za ki yi mana lacca, ko sai gobe?"

"Ina kwana, Dida."

"Kun ji! Kalma uku. Yerka, rubuta a kalanda."

"Baba, ka bar yarinya ta sha kofinta," in ji Teta. "Kai da ka yi shekara saba'in da tara kana magana, wa ka ƙara wa ilimi?"

Ranar Juma'a ce, ranar yankan idron sabon jirgin Mikula. Saura kwana tara a sa jirgin a ruwa, an riga an gayyaci limamin coci da rabin tsibiri. Yadin kuwa auduga ce mai kauri da Mikula ya yi wata biyu yana jira daga Italiya, dami ɗaya tak. Idan aka yanka shi ba daidai ba, ragowar ba za ta isa wani idron ba, jirgin zai shiga ruwa tsirara, kuma kowa zai san daga gidan wa kuskuren ya fito.

Mikula ɗan marigayi Barba Dunko ne (Barba muke kiran kowane dattijo a nan), wannan kuma shi ne jirgin farko da ya sassaƙa ba tare da mahaifinsa ba. Barba Dunko da Dida tare suka taso, tsawonsu ɗaya, hannuwansu ɗaya. Shekara hamsin ba su taɓa amfani da tef na awo ba. Idan Dunko ya gama doguwar sandar da ake ɗaura idro a jikinta, sai ya ware hannuwansa a kanta ya ƙirga gaba nawa ce, daga kan yatsan wannan hannu zuwa na wancan, ya leƙo ta tagarmu ya faɗi adadin. Dida ya ware nasa hannuwan a kan igiya, shi ke nan. Wanda duk ya kawo wa Dida awo a mita, cewa yake ya tafi kamfani su yi masa na roba.

Tun da Dunko ya rasu da sanyin bana, Dida bai ƙara bin hanyar wurin sassaƙar ba. Ko sabon jirgin bai gani ba. Mikula ne ya zo da kansa ran Litinin, ya tsaya a taga kamar yadda mahaifinsa ke yi, sai dai shi dole ya rusuna kafin fuskarsa ta shigo.

"Barba Pashko, gaba biyar ce cif."

"Da hannu ka auna, ko da wannan abin naku mai naɗewa?"

"Da hannu, Barba. Yadda Baba ke yi."

"Madalla. Ashe ka yi hankali."

Ɗakin aikinmu ba ya ɗaukar idro a shimfiɗe, saboda haka a farfajiyar coci muke yanka. Muka tura damin yadin a baro, ni da Teta, Dida yana gaba da almakashi a ɗamara. Kafin mu gama shara, tsofaffin gari sun jeru a kan katanga. Barba Vitse, wanda ya yi shekara arba'in yana dafa abinci a manyan jiragen ruwa, har da matashin zama ya zo.

"Pashko, wannan dami haka? Idro za ka yi ko rufin coci?"

"Yaran zamani ne," in ji Dida. "Sun iya sayen yadi fiye da buƙata. Ragowar zan ɗinka maka wando, ko Allah zai sa a samu wanda ya zagaye cikin nan naka."

Na riƙe bakin igiya, Dida ya ja ta a ƙirjinsa sau biyar, ya ƙulla. Ya auna sauran gefuna biyun daga wannan. Muka miƙe igiyoyin a ƙasa, ya bi su da alli yana tafiya a durƙushe yana nishi, ya ƙi yarda kowa ya kama shi. Da kusurwa ukun suka haɗu, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Kofi," ya ce. Haka yake yi kullum. Tsakanin zane da yanka sai ya sauka bakin ruwa ya sha kofi, wai don ido ya huta. 'Yan kallo suka bi shi. Teta ta aike ni gida in ɗauko burodi da kifin gishiri.

Ga wani hali nawa da ban taɓa gaya wa kowa ba. Saboda ba na iya kallon mutane a ido, ƙasa nake kallo idan ina tafiya, tun ina ƙarama kuma nake ƙirga taku. Daga ƙofarmu zuwa gidan burodi taku ɗari biyu da sha ɗaya ne. Hanyar ta bi ta gefen wurin sassaƙar Mikula, inda ya ɗora sabuwar sandar a kan madogaran katako biyu yana shafa mata mai. Sati biyu ke nan ina wuce ta kowace safiya, kaina a sunkuye don kada ya gaishe ni in rasa amsa. Taku goma sha huɗu ce.

Da na dawo da kwandon abinci, sai na bi ta gefen dogon layin alli, wanda zai hau kan sandar. Ba da niyya na ƙirga ba. Goma sha biyu.

Na ajiye kwandon, na koma farko. Goma sha biyu. Na rage faɗin takuna, na yi wa layin alfarma iyakar iyawata. Goma sha biyu da ɗan abin da bai kai a faɗa ba.

"Vinka, me kike yi? Faretin soja?" in ji Teta. Tana tsugune a can ƙarshen layin, ta yi saurin miƙewa tana goge hannu a cinya.

"Teta, layin nan ya gaza. Sandar Mikula ta fi shi da taku biyu."

"Taku biyu? Haba. Da kamu ɗaya kika ce ma..." Ta sake duban layin. "Kin tabbata?"

"Kullum ina ƙirgawa."

"Kina ƙirga sandar Mikula kullum." Ta dube ni ta gefen ido. "To, wannan zancen wata rana ne. Wayyo Maryamu, taku biyu!"

"Ki gaya masa, Teta."

"Ni? A'a. Idan na buɗe baki zai sake awo, in kuwa ya sake awo na shiga uku."

"Me ya sa?"

Amma lokaci ya ƙure. Muryar Barba Vitse ta riga ta hau matakala, Dida na biye yana goge gashin baki.

Muka mirgina damin, muka shimfiɗa ƙyallen farko cikin waɗanda za a harhaɗa su zama idro a kan zanen, na danne bakinsa da duwatsu. Sau uku ina buɗe baki. Na farko Dida yana ba Vitse labarin wata guguwa, na biyu ya ce in matsar da dutse, na uku na ce "Dida", ya ce "Na'am, Furofesa, bayan yanka", ya zaro almakashi.

A nan gizo ke saƙar, domin daga lokacin da almakashi ya fita daga ɗamara, ba mai magana sai an yanke ƙyalle na ƙarshe. Doka ce tun zamanin baban Dida, wanda aka ce wata mata ta gaishe shi yana tsakiyar yanka, ya ɗago kai ya amsa, ya ɓata idro guda. Ko limamin coci ne ya zo wucewa, da hula yake gaisuwa. A duk garin babu wanda wannan doka ta yi wa daɗi kamar ni. Shekara huɗu na yi a jami'a ban ɗaga hannu a aji ba ko sau ɗaya.

Farfajiyar ta yi tsit. Dida ya durƙusa, ya buɗe bakin almakashi, ya zura shi ƙarƙashin yadin. Na dubi Teta. Ta rufe ido, leɓenta yana motsi.

"Dida, ya gaza!"

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Tantabaru biyu suka tashi daga kan rufi. Barba Vitse ya dafe ƙirji ya yi alamar gicciye.

"Ta yi magana," ya ce. "Jama'a, a kaɗa ƙararrawa."

Dida bai yi dariya ba. Ya zare almakashin a hankali, ya ajiye a kan yadi.

"Me ya gaza?"

"Layin. Sandar taku goma sha huɗu ce, layin goma sha biyu."

"Taku. Ni ina auna idro da gaba tun uwarki ba ta zo duniya ba, ke kin zo mini da taku. A Zadar aka koya miki?"

"A'a, Dida. A hanyar gidan burodi."

Katanga ta ɗauki dariya. Kunnuwana suka yi zafi, na ji kamar in shige ƙarƙashin yadin.

"To," in ji Dida. "Kawo wata igiya. Yau za a koya wa Furofesa ƙirga."

Ya sa na shimfiɗa sabuwar igiya a kan layin daga kusurwa zuwa kusurwa, ya kama ƙarshenta da kansa, ya miƙe ya fara ja a ƙirji. 'Yan katanga suna taya shi da baki. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar. Sai ga ragowar igiya tana reto daga hannunsa, ta kai kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa yatsa.

"Ahaf!" in ji Vitse. "Ba gazawa ya yi ba, ƙari ma ya yi!"

Amma Dida igiyar yake kallo. Ya taka zuwa ƙarshen layin, ya sunkuya. A kan dutse ana iya ganin inda aka goge tsohuwar kusurwa da jiƙaƙƙen tsumma, aka ja sabuwa a gaba.

"Wa ya taɓa mini zane?"

Teta Yerka ta sa hannu a aljihun hagu, ta fito da guntun alli, ta riƙe shi a tafin hannu kamar 'yar makaranta da aka kama da alewa.

"Ni ce, Baba."

"Yau kika fara?"

"Shekara uku ke nan. Tun da kafaɗarka ta dama ta daina miƙewa. Duk gabar da ka ja, sai ta rage faɗin tafin hannu. Idan ka tafi shan kofi sai in ƙara."

"Shekara uku kina gyara mini aiki a ɓoye. Da Dunko yana raye ya ji wannan..."

"Shi ya ba ni allin, Baba. Ya ce in ƙara, kada in gaya maka, wai kai da jakin Vitse wajen taurin kai ba a san babba ba."

"Jakina ya mutu, a bar shi ya huta," in ji Vitse.

Dida ya dubi allin. Na ga gashin bakinsa yana rawa, ban gane ko fushi ne ko dariya ba.

"Munafukin tsoho," ya ce a ƙarshe. "Ya tafi bai bari na zage shi ba." Ya juyo gare ni. "To, ke kuma. An ƙara kamu guda, kin ce har yanzu ya gaza?"

"Da taku biyu, Dida."

"A kira mini Mikula. Ya zo da sandar tasa a kafaɗa."

Ba a jima ba sai ga Mikula da mutum uku ɗauke da sandar, suna juya ta da ƙyar a lungu, wata tsohuwa tana yi musu ihu kada su fasa mata tukunyar fure. Suka kwantar da ita a gefen layin. Ta wuce shi da taku biyu, ba ƙari ba ragi. Na ƙura wa takalmana ido.

"Kai, ɗan Dunko," in ji Dida. "Gaba nawa ka ce mini?"

"Biyar, Barba. Na rantse sau uku na auna."

"Auna mu gani."

Mikula ya durƙusa ya ware hannuwa a kan sandar. Tun bai kai ta biyu ba katanga ta fara tuntsira dariya. Tsawon Mikula ya kusa mita biyu, hannuwansa kuwa kamar na uwarsa suke, mutanen tudu, waɗanda ake cewa suna tsinkar ɓaure ba tare da tsani ba.

"Biyar," ya ce, yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. "Me ya faru?"

"Ubanka ya bar maka guduma da zarto," in ji Vitse, "amma hannun nan ba nasa ba ne. Wannan ai sandunan tuƙa jirgi ne aka liƙa maka."

"Zo nan," in ji Dida. "Juya mini baya."

Suka tsaya baya da baya, kan Dida bai wuce kafaɗar Mikula ba, suka ware hannuwa. A nan kowa ya ga abin da Teta ta daɗe da gani. Hannun hagu na Dida ya miƙe sarai, na dama kuwa ya tsaya a hanya, a lanƙwashe kamar yana riƙe da ƙofa. Mikula ya waiga ya gani. A hankali ya lanƙwasa nasa gwiwoyin hannun, ya janyo su ciki.

"Ai bambancin ba yawa, Barba."

"Miƙe hannunka, yaro. Ina jin ka a bayana. Ban zo bara ba."

Mikula ya miƙe su. Dariya ta ɗan lafa a kan katanga.

"To, an gani," in ji Dida, ya sauke hannu. "Ɗaya ya yi tsawo, ɗaya ya tsufa, ɗaya ɓarauniyar zane ce, ɗaya kuma tana ƙirga sandar samari a hanyar burodi. Gida ya yi kyau. Yerka, tunda kina da alli, goge wannan ki ja sabo a jikin sandar. Furofesa, igiya."

"Kina ƙirga sandata?" in ji Mikula, ƙasa-ƙasa, lokacin da na zo wucewa.

"Kowace sanda nake ƙirgawa," na ce, na wuce da sauri har na yi tuntuɓe da kwandon burodi.

Sabon zanen ya ci mana fiye da awa guda. Teta ta ja layukan uku a miƙe. Da aka zo wurin tumbin idro kuwa, lanƙwasar da ke sa ƙyalle ya rungumi iska maimakon ya tsaya kamar allo, sai ta tsaya ta dube shi. Wannan ba a auna shi da gaba ko da taku. Dida ya karɓi wata siririyar sanda mai lanƙwasuwa da ake zana tumbin da ita, ya kwantar da ita a ƙasa, ya tura tsakiyarta da ƙafa, ya ja baya ya kanne ido ɗaya.

"Ƙara kaɗan. A'a, kin yi yawa, jirgi ne ba Vitse ba. Dawo. Nan. Kin ga inda ya fi zurfi? Ba a tsakiya ba, gaba kaɗan. Sandar Mikula za ta lanƙwashe idan iska ta yi ƙarfi, sai ki bar mata wuri."

"Na gani, Baba."

"Kin gani, ko kin ce kin gani?"

"Shekara talatin ina ɗinka shi. Na san inda yake."

"Hm," in ji Dida.

Muka sake shimfiɗa ƙyallen farko. Yanzu da aka dubi girman zanen, damin da Vitse ya yi wa ba'a bai yi yawa ba ko kaɗan. Teta ta lissafa da ido ta ce zai isa, amma wandon Vitse sai wata shekara. Na jera duwatsu. Mikula ya ƙi komawa aiki, ya tsuguna a ɗaya gefen ya danne yadin da tafukan nan nasa.

Dida ya ɗauki almakashi, farfajiya ta yi shiru. Ya durƙusa a bakin yadin, ya daidaita shi da yatsa, ya buɗe almakashin ya rufe sau biyu a iska. Ya daɗe yana duban layin da Teta ta ja, daga wannan kusurwa har waccan.

Sai ya juya almakashin, ya ajiye shi a kan yadi a gaban gwiwar Teta Yerka, mariƙin yana fuskantarta.

Ta dube shi. Shi bai dube ta ba, yana fama da miƙewa, hannu ɗaya a ƙasa. Barba Vitse ya buɗe baki, matar da ke kusa da shi ta zungure shi da gwiwar hannu. Teta ta goge tafinta a riga, ta ɗauki almakashin, ta zura shi ƙarƙashin audugar. Ƙarar yankan ta fito a hankali da farko, sannan ta miƙe ɗoɗar.

Ina danne da bakin yadi, ban iya sakinsa ba. Da na ɗago kai, Dida ya riga ya ɗauki hularsa daga kan katanga. Ya bi ta bayan 'yan kallo, hannuwa a baya, ya sauka matakala ta gefen inuwa.